Kumbon Amurka da Samaniyar Ƙasar Hausa

Ranar Alhamis 21 ga watan Yuli na shekarar 2011, kafin rana ta fito a jahar Fulorida ta ƙasar Amurka, kumbon da ake kira Atlantis ya sauka da mutum huɗu a cikinsa, daga nan kuma bai sake tashi ba. A Ɗan Gulbi da sauran garuruwan Dakoro lokacin hantsi ne, damina ta zauna, ana gab da shiga azumi, mutane na gonakin hatsi. Wanda ya rataya rediyonsa a reshen gawo ya ji labarin cikin jimla biyu ko uku, aka wuce zuwa wani batu. Haka aka naɗe tabarmar wani shiri da ya shekara 30 ana yin sa, wanda aka yi tafiya 135 a cikinsa tun daga tashin Columbia ranar 12 ga Afrilun 1981. Mai ji zai ɗauka abu ne na nesa wanda babu ruwan Bahaushe da shi. Tarihi bai nuna haka ba.

Tun kafin a ƙera kumbo mai zuwa ya dawo, hukumar NASA ta riga ta san hanyar Kano. A farkon shekarun 1960, lokacin shirin Mercury, babu taurarin ɗan Adam da za su riƙa isar da magana tsakanin ɗan sama jannati da masu kula da shi a ƙasa. Dole aka jera tashoshin saurare a bisa layin da kumbon zai bi ya kewaya duniya, kowace ta karɓe shi na ƴan mintoci ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda fatake ke barin zango su kama wani. Biyu daga cikinsu aka kafa a wannan nahiya, ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, kimanin minti ashirin bayan tashinsa, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya ratso ta saman Sahara ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta tashi a ƙasa. Aka amsa masa cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Watau abin da ya gani hazon hunturu ne, wanda kowace tsohuwa a Katsina ko Gobir ta san shi tun tana yarinya, ga shi ya shiga kundin tafiyar da duniya duka take saurare.

Tashar Zanzibar an rufe ta a 1964 bayan juyin juya halin tsibirin. Ta Kano ta yi aiki har zamanin shirin Gemini, kana aka rufe ta a 1966. A tsakanin nan, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron Syncom 2, karo na farko ke nan da shugabannin gwamnati biyu suka zanta ta tauraron ɗan Adam. Da aka sauka a wata a 1969, sai lamarin ya shiga bakin jama'a. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa, ciwon idon da ya bazu a Afirka ta Yamma a shekarar nan kuma aka raɗa masa suna Afolo, sunan da bai bar shi ba. Wasu sun gaskata saukar, wasu sun ce tatsuniyar Nasara ce, amma kalmar kumbo ta sami sabuwar ma'ana ta zauna.

Kumbon da ya zo a 1981 dabam yake da na baya. Na da, sau ɗaya ake amfani da shi. Wannan kuwa yana tashi tsaye kamar roka, ya dawo ya sauka a kan ƙafafunsa kamar jirgin sama, a gyara shi a sake turawa. Alkawarin da aka yi shi ne zuwa sama zai yi araha, a riƙa tashi kusan kowane mako. Ba a cika shi ba: shekarar da aka fi yawan tashi, 1985, sau tara kawai aka tashi, kuma idan aka raba kuɗin shirin duka bisa yawan tafiye-tafiyen, kowace ɗaya ta ci fiye da dala biliyan guda.

A cikin wannan shekara ta 1985, a watan Yuni, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya shiga kumbon Discovery tare da Bafaranshe Patrick Baudry, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. Ga masu sauraren sashen Hausa na gidajen rediyon waje wannan ya fi duk wani bayanin kimiyya nauyi, domin ya tayar da tambayoyin da aka san darajarsu a zaure: ina alƙibla ga mutumin da ke kewaya duniya cikin minti casa'in, kuma da wace faɗuwar rana zai yi magariba alhali yana ganin ta sau goma sha shida a yini? Bayansa, a 1992, Mae Jemison, likitar da ta taɓa aiki a Saliyo da Laberiya, ta zama baƙar mace ta farko da ta je. A cikin mutum 355 da kumbon ya ɗauka babu ɗan wata ƙasar Afirka ko ɗaya. Rabon nahiyar a wannan shiri shi ne filin sauka na ko-ta-kwana: idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, an tsara kumbon ya tsallaka teku ya sauka a Dakar, daga baya kuma a Banjul ko Ben Guerir ta Maroko. Ba a taɓa bukatar hakan ba ko sau ɗaya. Duk da haka sai an tabbatar da kyawun yanayi a filayen kafin a ba da izinin tashi, kuma rashin kyawunsa a Dakar na cikin abubuwan da suka jinkirta tafiyar Challenger a Janairun 1986.

Jinkirin ya kai tafiyar zuwa safiyar 28 ga wata, wadda aka wayi gari da matsanancin sanyi. Sanyin ya sandarar da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin, wuta ta tsirgo, kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi. Injiniyoyi sun yi gargaɗi a daren, ba a saurare su ba. Cikin mutum bakwai da suka mutu har da Christa McAuliffe, malamar makarantar sakandare da aka zaɓa don ta koyar da darasi daga sama, yara kuwa na zaune a azuzuwa suna kallo. Shekara 17 bayan haka, ranar 1 ga Fabrairun 2003, Columbia ya wargaje yana kan hanyar dawowa, wasu bakwai suka halaka, saboda wani ɓallin soso da ya bugi fiffikensa na hagu tun wajen tashi. An sha ganin irin wannan ɓalli yana faɗowa, da yake bai taɓa kashe kowa ba sai aka saba da shi. A Janairun 2004 Shugaba Bush ya ba da sanarwar za a ajiye kumbon da zarar an gama harhaɗa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Littattafai sukan ambaci wannan tasha da madubin hangen taurari na Hubble, wanda Discovery ya kai sama a 1990, a matsayin manyan ayyukan shirin. Ga mutanen da ke zaune a bakin hamada akwai wani aikin da ya fi waɗannan kusa. A Nuwamban 1981, a tafiyarsa ta biyu, Columbia ya ɗauki wata na'urar rada ya haska gabashin Sahara, wajen iyakar Masar da Sudan. Inda rairayi ya bushe ƙarau, hasken radar yakan huda shi ya taɓo abin da ke ƙarƙashi. Da hotunan suka fito sai ga kwaruruka da rassan koguna kwance a ƙarƙashin yashi, a wurin da ido ba ya ganin komai sai fili. Masana suka je suka haƙa, suka sami tsakuwar kogi da kayan aikin dutse na mutanen da suka zauna a gaɓarsu.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga mutumin Dakoro. Kwarin Tarka da Gulbin Kaba irin waɗannan koguna ne, ruwansu ya daina gudu a sama tun da daɗewa, amma bai ƙare a ƙasa ba. Shi ya sa goriba ke jeruwa a cikin Gulbin Kaba har ta ba shi suna, shi ya sa kuma rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi ba. Garin da ake kira Ɗan Gulbi sunansa ma ya isa shaida. Mahaƙa rijiya sun san haka ta wajen duba itace da launin ƙasa. Abin da na'urar ta ƙara shi ne ganin kwarin gaba ɗaya, daga kansa har wutsiyarsa, ko da ya ƙetare iyakar ƙasa biyu.

A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudu da gangaren kusan kashi 80 cikin ɗari na doron ƙasa, Nijar duka tana ciki. Da farko awon da aka saki wa ƙasashen waje mai faɗin mita 90 ne, mafi kyawun Amurka ta riƙe. Sai a Satumban 2014 aka fara sakin mai mita 30, aka kuma fara da Afirka. A lokacin Atlantis ya riga ya zama abin kallo a Fulorida, Discovery na kusa da Washinton, Endeavour na Los Anjalas, ƴan sama jannatin Amurka kuwa na biyan kuɗin kujera a kumbon Soyuz na Rasha, abin da ya ci gaba har 2020. Awon bai yi ritaya tare da su ba. Kyauta ake ɗaukar sa ta intanet, kuma da shi ɗaliban labarin ƙasa a jami'o'i, da injiniyoyin hanya da na madatsun ruwa, suke zana inda ƙorama za ta bi idan ruwan Agusta ya sauka.