Daga Ramin Kwal Zuwa Kundin Digiri

A shekarar 1951, Eric Trist da Ken Bamforth na Cibiyar Tavistock da ke Landan suka wallafa bincikensu kan ramukan haƙar kwal na Ingila. An kawo sababbin injuna, amma amfaninsu bai kai yadda aka zata ba, domin sabon tsarin ya wargaza ƙananan rukunonin mahaƙa da suka saba aiki tare. Ta hanyar hira da lura aka gano hakan. Enid Mumford ta kai wannan darasi fagen kwamfuta, kuma a taron Mancesta na 1984 masana suka ƙalubalanci dogaro ga ƙididdiga kaɗai. Tun daga nan, ɗalibin da ke rubuta kundi kan tsarin sarrafa bayanai yana da hujjar auna na'ura, ya kuma saurari mai aiki da ita.