Camfin Mai Juna Biyu a Ƙasar Jama'a

Camfi shi ne yarda da cewa aikata wani abu yana jawo wani sakamako, alhali babu dalilin da ya haɗa su. Tun a 1913 Tremearne, Baturen da ya yi aiki a Jama'ar Daroro, ya wallafa littafi a kan camfe-camfe da al'adun Hausawa. Da hanyar jirgin ƙasa ta mayar da Kafanchan mahaɗa, fadar Sarkin Jama'a kuma ta koma can a 1933, sai Hausawa da Bajju da Ibo da Yarbawa suka haɗu a kasuwa ɗaya, matansu suna jin camfin juna.

Mai ciki ce ta fi kowa shan wannan tarnaƙi. Akan hana ta fita da tsakar rana ko da almuru, wai aljanu za su musanya mata ɗa. Akan hana ta tsallake igiya, wai cibiya za ta naɗe wuyan jariri. Waɗannan ba su cutar da kowa ba, hasali ma na farkon hutu ne daga zafin rana.

Amma hana ta cin ƙwai, wai ɗan zai yi sata, tauye mata abinci mai gina jiki ne. Yankan gishiri kuwa, da akan yi idan naƙuda ta yi tsawo, ya jefa mata da dama cikin lalurar yoyon fitsari.

Saboda haka aikin manazarci shi ne rairaya: ya adana camfin da ke ɗauke da hikimar kakanni, ya fallasa wanda ke cin lafiyar iyaye mata.