Dokar Gwamnati ta Wane ce? Haƙƙin Mallaka da Manoman Tasawa da Mayahi

Kowace kaka, a gundumomin Tasawa da Mayahi na Nijar, hukuma kan tsaida ranar sakin gonaki domin dabbobi su shiga kiwon kara. Takardar takan fito da Faransanci, a manna ta a bangon ofis. Wani matashi ya ɗauki hotonta da wayarsa, ya fassara, ya saka a shafinsa na intanet. Ya taka doka ko bai taka ba?

Bai taka ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, bayan gyare-gyarenta, ta bar wa kowace ƙasa zaɓi kan rubuce-rubucen hukuma. Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma rataye na bakwai na yarjejeniyar ya cire dokoki da takardun mulki da hukunce-hukuncen kotu, har da fassararsu ta hukuma, daga kariyar haƙƙin mallaka. Hikimar a fili take: ba a ɗaure mutum da dokar da aka hana shi kwafa. Don haka dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 na kowa ne, tun daga makiyayin da ke bin burtali a Gulbin Kaba har zuwa mamban kwamitin filaye na ƙauye.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ba doka ba. Rahoton ƙidayar 2012, taswirar burtali, hoton da ke cikin tsarin raya wata ƙaramar hukuma, duk waɗannan ba su shiga waccan togaciya kai tsaye ba, ballantana idan ƙwararre mai zaman kansa ne ya rubuta bisa kwangila. Alƙaluma dai ba su da ubangida, amma zubin rahoton da zanensa suna da shi. Dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar samun takardun hukuma, sai dai samu daban, izinin sake bugawa daban. Amurka ta yanke wannan igiya tuni, inda aikin ma'aikatan gwamnatin tarayya bai da haƙƙin mallaka a cikin ƙasar.

Sai batun fassara, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi. Fassarar da mutum ya yi don kansa tasa ce, yana iya hana a kwafa, kuma ba ta da ƙarfin hujja gaban alƙali idan rikicin ɓarna ya tashi. Tunda kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, uzurin hukuma ya ƙare. Ya kamata ta fitar da dokokin karkara da Hausa da hatiminta, ta kuma rubuta a bangon kowane rahoto cewa an yarda a sake bugawa, muddin an ambaci tushe kuma ba a sauya komai ba.