Crazy World: Faifan da Fito Ya Sayar

Jama'a da yawa in aka ambaci waƙar Wind of Change sai ka ji sun ce ai ita ce ta rushe katangar Berlin. To mai karatu, kwanan wata kaɗai ya isa ya raba wannan gardama. Katangar ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989. Faifan da waƙar take ciki, wato Crazy World na ƙungiyar Scorpions, bai shiga kasuwa ba sai Nuwamba 1990, lokacin har an gama bikin haɗe Jamus ta Gabas da ta Yamma a ranar 3 ga Oktoba. Asalin waƙar ma can Rasha yake, kuma labarinta na gaskiya ya fi wancan ƙanzon kuregen daɗi.

Wani saurayi mai suna Rudolf Schenker ne ya kafa Scorpions a 1965 a yankin Hannover da ke Jamus ta Yamma, daga baya Klaus Meine ya shigo ya zama zabiyarsu. Irin kiɗan da suke yi shi ne wanda Turawa ke kira heavy metal: jitar lantarki mai tsawa, ganguna kamar za su fasa ƙirji, mawaƙi kuma yana ƙure murya. Da Ingilishi suke waƙa don su samu kasuwar waje, sun kuwa samu, don faifansu Love at First Sting na 1984 ya sayu sama da miliyan 3 a Amurka.

Amma fa ka tuna su wane ne su. Schenker da Meine duk a 1948 aka haife su, shekara uku bayan ƙare yaƙin Hitila. Sojojin ƙasarsu ne suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, kusan kwana 900, yunwa da sanyi suka kashe mutane dubu ɗaruruwa. A wannan birnin dai Scorpions suka je suka yi wasa har sau goma a watan Afrilun 1988, bayan hukuma ta soke wasannin da aka shirya musu a Mosko. Ka ƙiyasta abin a ranka: 'ya'yan waɗanda suka zo da tankokin yaƙi sun dawo da jita, jikokin waɗanda aka binne kuma suna ta tafi da sowa. Gorbachev ne ke mulki a lokacin, ya ɗan sassauta ƙofa, in ba haka ba ko kusa da iyaka ba za a bar masu dogon gashi da wandon fata su matso ba.

Shekara ta zagayo, ranakun 12 da 13 ga Agusta 1989 aka yi gagarumin taron kiɗa a filin wasa na Lenin da ke Mosko, filin da a lokacin yake cin mutum kusan 100,000. Akwai Bon Jovi, akwai Ozzy Osbourne da Mötley Crüe, ga kuma Scorpions. Meine ya sha faɗa a hirarraki cewa abin da ya gani a wannan tafiya, har da yawon da suka yi a jirgin ruwa a kogin Moskva, shi ya sa da ya koma gida ya zauna ya rubuta waƙar. Shi ya sa kogin da kuma wurin shaƙatawa na Gorky ne aka ambata a farkonta.

Faifan kansa waƙoƙi 11 ne. Sun rabu da Dieter Dierks, furodusan da suka yi shekaru fiye da goma tare da shi, suka ɗauko Ba'amurke Keith Olsen, aka yi aikin a situdiyo a Holan da kuma Los Angeles. A ganina yawancin waƙoƙin cikinsa na kasuwa ne kawai, maganar mata da kuɗi da suna, irin wanda in ka ji ɗaya ka ji sauran. Ta huɗu ce daban. Ba tsawa ba ihu, da fito ma ta fara, fito zalla irin na mai tafiya shi kaɗai a hanya. Meine ya ce mutanen kamfanin faifai sun so a cire fiton don bai dace da kiɗan maza ba, su kuma suka ƙi. Kai, da sun ji shawarar nan da sun yi asarar da ba ta misaltuwa!

Da aka fitar da waƙar ita kaɗai a 1991 sai ta hau matsayi na ɗaya a Jamus da wasu ƙasashen Turai, ta biyu a Birtaniya, ta huɗu a Amurka. Ita ta ja faifan har ya kai na ɗaya a Jamus, ya sayu miliyan 2 a Amurka. Lokaci ne ya yi mata gata. Duk sanda talabijin ya nuno mutane suna fasa katanga da guduma, ko tankoki a titin Mosko lokacin yunƙurin juyin mulkin Agusta 1991, fiton nan ake tunawa. Sun rera ta da Rashanci, kuma a Disamba 1991 Gorbachev ya karɓe su a fadar Kremlin. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 25 ga wata, ya sauka daga mulki, Tarayyar Sobiyet ta watse. Shi ne kuma faifai na ƙarshe da Francis Buchholz, mai jita mai kaurin murya, ya yi da su.

Af, akwai wata jita-jita wai hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ta rubuta waƙar. Ɗan jarida Patrick Radden Keefe ya bi diddigin maganar a 2020, bai samo hujja ba, shi kuwa Meine ya ce sam ba haka ba ne.

A Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Yukren. Da Scorpions suka hau dandamali a Las Vegas a farkon bazarar shekarar, Meine, yana da shekara 73, ya yi fitonsa kamar kullum, amma ya cire baitin farko mai ambaton Mosko, ya sa kalmomin goyon bayan Yukren a gurbinsa. Dalilin da ya bayar shi ne ba zai iya ci gaba da yi wa Rasha waƙar shauƙi ba alhali bama-bamanta na sauka a kan mutane.