Hukuncin shan giyar inabi mai zaƙi a wurin biki

Tambaya: Ni mutumin Zuru ne, danginmu akwai Musulmi akwai Kirista. A ƙarshen shekara, lokacin Uhola da bukukuwan aure, ana kafa rumfuna a fili a zauna ci da sha. Bayan abinci sai a kawo wata kwalba mai zaƙi kamar zuma, a ce wayin ce ta wanke baki, ba burkutu ba ce, ɗan ƙaramin kofi ba ya bugar da kowa. Ya halatta in kurɓa? In zauna ko in tashi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Idan akwai barasa a cikinta, haramun ce, da yawa ko kaɗan. Allah Ya yanke hukuncin giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, inda Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya yi umarni da a nisance ta. Shari'a kuwa maye take dubawa, ba ta duba ɗanɗano ko sunan da aka raɗa wa abu. Abu Musal Ash'ari (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da abin sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir, aka ba shi amsa guda da ta haramta duk mai sa maye, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. To ga na zuma nan, wane zaƙi ya wuce wannan? Maganar ƙaramin kofi kuma, hadisin Jabir (RA) a wajen Abu Dawud da Tirmizi ya rufe ƙofarta: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an hana.

Ka san inda zaƙin ya fito. Ana barin ruwan inabi ya tsima, sukarinsa yana juyewa barasa, sai a tsayar da tsimar kafin sukarin ya ƙare. Wata ma ƙara mata barasa ake yi, kamar Port ta ƙasar Fotugal, wadda take kaiwa kusan kashi 20 cikin 100, alhali giyar kwalba da aka sani ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Wato zaƙin ɓoye ƙarfinta yake yi, shi ya sa take yaudarar mata da samarin da ba za su taɓa kusantar ƙwaryar burkutu ba. Talaka ya dafa tasa da dawa a tukunya, mai kuɗi ya sayo tasa a kwalba mai ado, hukuncinsu ɗaya ne.

Akwai ruwan inabi zalla da ake zubawa a irin wannan kwalba, bai taɓa tsima ba. Wannan halal ne. Ka karɓi kwalbar da hannunka ka duba lambar da ke kusa da alamar %, kada ka dogara da maganar mai rabo. Wadda aka yi ta giya tun farko sannan aka cire mata barasa, malamai sun yi saɓani a kanta, ni dai ina ba ka shawarar ka bar ta. Haka kunun zaƙi ko zoɓon da ya kwana biyu ya fara kumfa da ƙarfin wari. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Batun zama shi ya fi nauyi a gari irin Zuru, inda uwa ɗaya za ta haifi mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Tirmizi ya ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Amma Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana ka kyautata wa danginka da ba Musulmi ba, kuma Suratu Luƙman aya ta 15 ta umarce ka da kyakkyawan zama da iyaye ko da addini ya bambanta. Saboda haka ka je da wuri, ka gaida manya, ka kai gudummawarka ta shinkafa ko akuya, ka ci abin da ya halatta, ka zauna a rumfar da babu giya. In babu irin wannan rumfa, ka yi sallama kafin a buɗe kwalabe. Kada ka miƙa wa wani, kada ka ɗauko, kada kuɗinka su shiga sayenta ko da karo-karo ne, domin hadisin Anas (RA) ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗauka da mai zubawa. Kuma kada ka tsaya zagin mutane a bikinsu. Ka gaya wa mai gida tun kafin ranar, cikin ladabi.

Wanda ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa, ya tofar da zarar ya gane. Wanda ya sha da gangan ya tuba, kuma kada ya bar salla.

Wallahu a'alam.