Daga Titin Canal zuwa Zariya: Tarihin Neman Maganin Gubar Histon a Cutar Sefsis

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda likitanci ya gano cewa a cuta mai tsanani, jikin majiyyaci kan fitar da abin da ke halaka shi, wato histon. Ta kuma duba yunƙurin da aka yi na kashe wannan guba da wani furotin, da darasin da ke ciki ga ƙasar Hausa.

Gabatarwa

Titin Canal da ke Manhattan a birnin Niyok ya samo sunansa daga magudanar da aka haƙa a farkon ƙarni na 19 domin janye ruwan gurɓataccen tafkin Collect zuwa kogin Hudson. A wancan zamani an yi imani cewa warin ruwan kwance ne ke haddasa annoba. An cike tafkin, an rufe magudanar, amma a 1832 kwalara ta kashe mutum sama da 3,500 a birnin, ta fi kuma yin ɓarna a unguwar Five Points da ta tsiro a kan tsohon tafkin. Daga baya Pasteur da Koch suka ɗora laifin a kan ƙwayoyin cuta. A duka fahimtocin biyu, maƙiyi daga waje yake zuwa. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka tabbatar cewa a sefsis, wato lalacewar gaɓoɓi sakamakon martanin jiki ga ƙwayar cuta, ɓarawon a cikin gida yake.

Histon: Daga Ma'aji zuwa Makami

Albrecht Kossel, masanin Jamus, ya gano histon a 1884. Furotin ne da zaren DNA ke naɗuwa a jikinsa cikin cibiyar ƙwayar halitta, kamar zare a jikin mazari. Shekaru da dama ana ɗaukar sa a matsayin kayan ajiya kawai. A 1958 James Hirsch na Cibiyar Rockefeller, a tsibirin Manhattan ɗin nan, ya nuna cewa histon na kashe bakteriya. A 2004 Volker Brinkmann da Arturo Zychlinsky a Balin suka bayyana cewa wasu fararen ƙwayoyin jini kan watso DNA da histon waje, su zama tarun kama ƙwayoyin cuta.

Sai dai makamin bai san nasa ba. Histon na ɗauke da caji mai ƙarfi wanda ke sa shi manne wa fatar ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, ya huda su, ya tayar da kumburi, ya sa jini daskarewa a ƙananan jijiyoyi. Duk ƙwayar da ta mutu tana ƙara zubo nata histon, ɓarna ta haifi ɓarna har huhu da ƙoda su gaza.

Tashi da Faɗuwar Xigris

Johan Stenflo ya gano furotin C a Suwidin a 1976, furotin da ke hana jini daskarewa fiye da ƙima. A 1987 Fletcher Taylor da Charles Esmon a Oklahoma suka nuna cewa kunnannen furotin C na ceton gwaggon biri daga mutuwar bakteriyar E. coli. Kamfanin Eli Lilly ya sarrafa shi da sunan Xigris. A gwajin PROWESS mai majiyyata 1,690, mace-mace sun sauka daga kashi 30.8 zuwa 24.7 cikin ɗari, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a Nuwamba 2001, duk da haɗarin zubar jini da farashi na kusan dala 7,000 ga mutum guda.

Abin lura shi ne an yi shekara takwas ana ba da maganin kafin a fahimci wani ɓangare na aikinsa. A 2009 Jun Xu da Esmon suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa allurar histon na kashe ɓeraye, cewa garkuwar furotin da aka haɗa musamman domin histon H4 na ceton su, kuma kunnannen furotin C na yayyanka histon ya rage gubarsa. Shekara biyu bayan haka gwajin PROWESS-SHOCK ya kasa nuna wani amfani: kashi 26.4 na masu karɓar maganin suka rasu, a kan 24.2 na waɗanda ba su karɓa ba. A Oktoba 2011 aka janye Xigris daga kasuwa. Bincike ya koma kan wasu furotin na jini da ke ɗaure histon, irin su CRP da pentraksin 3, da kuma nau'in furotin C da aka rage wa ƙarfin tsinka jini.

Ina Ruwan Ƙasar Hausa?

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka. A shekarun 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazari mai zurfi kan wannan cuta, wadda mafi muninta shi ne lokacin da bakteriyar ta mamaye jini, fata ta yi baƙaƙen tabo, yaro ya cika cikin sa'o'i. Wannan yanayi na tafiya da ƙarewar furotin C a jiki. A annobar 1996 mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Kano na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari.

Haka ma zazzaɓin cizon sauro. A 2013 aka gano cewa a zazzaɓi mai tsanani, jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar kan manne a daidai wurin da furotin C ke kamawa a bangon jijiya. A 2020 nazari kan yaran Malawi ya danganta histon ɗin ƙwayar cutar da lalacewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2020 ta nuna sefsis ta kashe kimanin mutum miliyan 11 a 2017, nauyin kuma ya fi danne Afirka kudu da Sahara.

Kammalawa

Darasi biyu ne a wannan tarihi. Na farko, abin da ya ceci ɓera ko biri ba lallai ya ceci mutum ba, musamman idan an zuba masu sefsis iri-iri a kwando ɗaya ba tare da auna histon ɗin jinin kowa ba. Na biyu, tsada na yanke hukunci kafin kimiyya. Rigakafin MenAfriVac, da aka fara a Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011 kan ƙasa da rabin dala, ya kusan kawar da sanƙarau nau'in A, alhali da wuya a ce Xigris ya kai ga gadon yaron Kano ko Maraɗi. Idan za a sake gwada maganin gubar histon, ya kamata asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato su kasance cikin masu tsara gwajin tun daga tushe, a kuma tsayar da farashinsa da yanayin adana shi tun kafin ya fito, domin a nan ne masu buƙatarsa suka fi yawa.