Bayan Sarkin Hunza, Wa Zai Yashe Hanyar Ruwa?

Akwai wani famfon tuƙa-tuƙa a bakin kasuwar ƙauyenmu da ya daɗe da mutuwa. Allon da aka kafa a gefensa yana nan garau, ɗauke da sunan ƙungiyar da ta haƙa rijiyar da addu'ar Allah ya karɓa. Abin da ya lalace a cikinsa 'yar roba ce wadda kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba. Amma duk wanda ka tambaya sai ya ce maka ai na masu taimako ne, su ake jira. Na yi shekaru ina malamin gona, na ga gawar irin wannan sadaka a ƙauyuka fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Shi ya sa da labarin Gilgit da Hunza ya shigo hannuna na kasa ajiye shi.

Yankin yana can ƙuryar arewacin Pakistan, a cikin tsaunukan Karakoram, kusa da iyakar Sin. Dutsen Rakaposhi da ke leƙen kwarin Hunza tsayinsa mita 7,788 ne. Ruwan saman da ke sauka a garin Gilgit a shekara bai kai milimita 200 ba, wato ko gero ba zai kai labari da shi ba. Ga kogi yana gudu a ƙasan kwari, amma ya yi zurfin da ba a iya ɗebo shi zuwa gona. Saboda haka manomi a can sama yake duba: ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu ita ke narkewa da bazara, a tare ruwan a bakinta, a jawo shi ta siririyar hanya da aka sassaƙa a jikin dutse, wani lokaci tafiyar kilomita da dama, kafin ya iso alkama da sha'ir da itatuwan marmari. Zaftarewar ƙasa guda ɗaya tana iya yanke wannan hanya, gari ya kwana da yunwar shekara.

Wa ya haƙa waɗannan hanyoyin ruwa tun farko? Sarakuna ne, waɗanda ake kira Mir. Tun zamanin Mir Silim Khan, a farkon ƙarni na 19, sarautar Hunza take faɗaɗa ƙasar noma da manyan magudanai, kuma da aikin tilas ake yi. Suna kiransa rajaki. Kowane gida ya ba da mutum, wanda ya ƙi ya gamu da hukuncin fada. Sarki ya raba sabuwar ƙasar da ruwa ya raya, ya kuma karɓi haraji. Ba na yabon wannan tsari, don talakawa sun sha wuya a ƙarƙashinsa, an kuma rasa rayuka a jikin duwatsun nan. Sai dai ruwa yana zuwa.

A 1972 gwamnatin Pakistan ta Zulfikar Ali Bhutto ta rushe sarautar Nagar, makwabciyar Hunza, a 1974 ta rushe ta Hunza, wadda Mir Muhammad Jamal Khan ne sarkinta na ƙarshe. Aikin tilas ya tafi, mutane suka numfasa. Abin da ba a yi tanadinsa ba shi ne wanda zai maye gurbin bulalar nan. Ma'aikatan gwamnati suna ofis a Gilgit, jama'a tana ƙaruwa, gonaki suna ƙara tsukewa wajen rabon gado, kuma babu mai ikon tara maza ɗari ya ce gobe da asuba a fito a fasa dutse. A ƙarshen shekarun 1970 aka kammala babbar hanyar Karakoram, duniya ta shigo kwarin da motocinta, ta tarar da mutane a wannan hali.

Nan addini ya shigo labarin. Yawancin mutanen Hunza 'yan Isma'iliyya ne, wani reshe na Shi'a, kuma limaminsu shi ne Aga Khan. Alaƙar ta daɗe. A 1946 mabiya suka auna Aga Khan na uku, Sultan Muhammad Shah, da lu'ulu'u a Bombay don bikin cikarsa shekara 60 a kan limanci, dukiyar ta koma ayyukan jama'a, daga ciki har da makarantun da aka buɗe a ƙauyukan Hunza da Gilgit. Jikansa Karim ya gaje shi a 1957, ya ziyarci Hunza a 1960, ya kafa Gidauniyar Aga Khan a Jeniba a 1967. A ƙarshen 1982 gidauniyar ta buɗe shirin raya karkara da aka fi sani da AKRSP a Gilgit, ta damƙa shi a hannun wani tsohon ma'aikacin mulki mai suna Shoaib Sultan Khan.

Shoaib almajirin Akhtar Hameed Khan ne, wani bawan Allah da ya ajiye babban muƙami a gwamnatin Turawan mulkin Indiya a 1945 ya koma aikin makullai a Aligarh, daga baya ya jagoranci cibiyar raya karkara ta Comilla. Darasin da Shoaib ya ɗauko wajensa kalma uku ne: ƙungiya, tanadi, ƙwarewa. Yadda ya mayar da su ciniki shi ne abin da ya fi burge ni.

Zama uku ake yi da kowane ƙauye, kuma a fili, ba a zauren mai gari ba. A zaman farko a faɗa wa jama'a sharuɗɗa: ku kafa ƙungiyar da ta ƙunshi mafi yawan gidajen garin, ku riƙa haɗuwa a kai a kai, kowa ya riƙa ajiye wani abu a asusun ƙungiya ko da rupi ɗaya ne, sannan ku zaɓi aiki guda da zai ƙara wa yawancinku abin hannu. A zama na biyu injiniya ya bi mutanen gari su taka wurin tare, a auna, a yi lissafi. A na uku a karanta yarjejeniya kowa yana ji, a miƙa cakin kason farko a gaban taro, yadda ba wanda zai ce bai san nawa aka bayar ba. Tallafin sau ɗaya ne. Babu ɗan kwangila. Gyara da kulawa bayan an gama, na gari ne har abada.

Akwai wani abu da masu wa'azin taimakon kai da kai ba su so ba a lokacin: cikin tallafin akwai ladan ƙwadago. Mutumin da ya kwana uku yana fasa dutse ana biyansa, domin wanda ya fito daga rajaki ba za ka sake ce masa ya yi aikin banza da sunan ci gaba ba. Ƙungiyoyi da yawa suka riƙa zuba wani kaso na ladan a asusu, asusun ya zama jingina, da shi suka karɓi bashin taki. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma da alama Shoaib ya san haka ko da bai ji Hausa ba.

Me ƙauyukan suka zaɓa? Mafi yawa hanyar ruwa, sai hanyar mota da za ta haɗa su da babban titi, sai katangar kare gona daga ambaliya. Mutanen Sost, can kusa da iyakar Sin, suka nace sai sun huda dutse sun shigo da ruwa ta cikinsa, masana suna ɗari-ɗari, suka huda. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin mata daban, da nasu asusun. Aka riƙa ɗaukar mutum ɗaya daga gari a koya masa allurar dabbobi ko feshin itatuwa, ya dawo makwabtansa su riƙa biyansa. Dankalin turawa na iri da busassun 'ya'yan itace suka fara bin titin Karakoram zuwa kasuwannin kudu.

Kada a ɗauka sunan limamin ya buɗe kowace ƙofa. Yankin gauraye ne: akwai Isma'iliyya, akwai Shi'a Imamiyya, akwai 'yan Nurbakhshiyya a Baltistan, akwai Ahlus Sunna a Diamer da Chitral. Da shirin ya faɗaɗa, wasu malamai sun yi zargin ana so a sayi aƙidar mutane da magudanar ruwa, har wasu wurare suka ƙi karɓa. Ni ban ga laifin mai tsoro ba, don duk inda kyauta ta fito daga gidan wata ɗariƙa dole a yi tambaya. Abin da ya kwantar da hankali a inda ya kwanta shi ne sharuɗɗan iri ɗaya ne ga kowa, ba a tambayar masallacin da kake salla, kuma kuɗin ma ba na limami kaɗai ba ne, gwamnatocin Kanada da Birtaniya da Holan sun zuba nasu. Imani ne ya tayar da aikin, amma ba a rubuta shi a bakin magudana ba.

Bankin Duniya ya bibiyi shirin sau da dama, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya ce kuɗin shigar gidaje ya kusa ninkawa. Gaskiya dai ba duka ne aikin AKRSP ba. Titin Karakoram, da albashin soja, da 'ya'yan da suka yi karatu suka tafi Karachi, duk suna da kaso. Kuma ƙungiyoyi da dama sun yi barci da zarar aikinsu ya ƙare, taron mako ya koma na wata, na wata ya koma sai an ji baƙi za su zo. Wannan ciwon na san shi, na gan shi a ƙungiyoyin fadama. Duk da haka tsarin ya haihu: an kafa irinsa a lardin Sarhad na Pakistan a 1989, aka yi na ƙasa baki ɗaya a farkon shekarun 1990, Shoaib ya karɓi lambar yabo ta Magsaysay a 1992, ya kuma kai darasin jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Asusun bashin ƙauyukan nan shi ya zama tushen First MicroFinance Bank a 2002.

A Janairun 2010 dutse ya zaftare a Attabad, ya toshe kogin Hunza, tafki ya haɗiye gonaki da wani sashe na titin, mutanen Sost da makwabtansu suka koma shiga kwalekwale kafin su kai kasuwa. Aga Khan Karim ya rasu a Lisbon ranar 4 ga Fabrairu 2025, aka binne shi a Aswan ta Masar, ɗansa Rahim ya gaje shi. Fadar Baltit, inda sarakunan Hunza suka zauna suna ba da umarnin rajaki, tun 1996 ta zama gidan tarihi da ake biyan kuɗi a shiga. A ƙasanta kuwa, duk shekara idan sanyi ya fara ja baya, kafin a saki ruwan farko, kowane gida yana tura mutum ɗaya da shebur a yashe magudana, wanda bai samu zuwa ba ya biya kuɗin wanda ya tsaya masa.